Amsar Baffa Kan Sayayyar Sallah da Kuɗin Fili

Assalamu alaikum, ɗana. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da yaran. Saƙonka ya iso gare ni, inda ka bayyana cewa ka biya rabin kuɗin wani fili a wajen Janguza da ke bayan garin Kano, an ba ka wa'adin cika ragowar, ga kuma Babbar Sallah ta ƙarato, kana tambaya ko al'adarmu ta yarda magidanci ya rage ɗinkin sallah, ya haƙura da ragon layya, ya kuma taƙaita abin da yake kai wa surukai, ba tare da ya zama abin zunɗe a cikin dangi ba.

Al'ada ta yarda, amma sai ka fara rarrabe abubuwan da mutanen yanzu suka cakuɗa su wuri guda suna kiransu hidimar sallah. Akwai abin da addini ya wajabta, akwai sunna, akwai kuma abin da mutane suka saba yi don kyautatawa. Ciyar da iyali da tufatar da su da ba su wurin zama wajibi ne a kanka gwargwadon halinka, kuma ka lura cewa muhalli yana cikin wannan jeri na farko. Zakkar fidda kai ta Ƙaramar Sallah, mudun nabi huɗu a kan kowane mutum da kake ciyarwa, ita ma wajiba ce. Layya kuwa a mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda kuɗinta ba zai takura shi a cikin shekararsa ba. Saboda haka wanda zai ci bashi, ko ya taɓa kuɗin da ya riga ya ɗauki alkawarin biya, don kawai a ga rago ɗaure a ƙofar gidansa, ba a ɗora masa hakan ba, shi ya ɗora wa kansa. Idan nama kake so yara su ci kamar 'ya'yan kowa, ka shiga watanda da maƙwabta ko abokan aikinka ku yanka saniya ku raba. Malamanmu na Malikiyya ba sa ɗaukar tarayya a cikin kuɗin dabba a matsayin layya, ko da yake wasu mazhabobin sun yarda mutum bakwai su haɗu a kan saniya ɗaya, to amma ko ba komai tukunya ta hau wuta, gida ya yi ƙamshin suya.

A kan ɗinki ne nake so ka yi hattara, domin a nan ne matasa masu tara kuɗi suke wuce gona da iri. Yaro ba ya fahimtar wa'adin dillali. Abin da ya sani shi ne ranar idi 'yan'uwansa sun fito da sababbin kaya. Kada ka hana 'ya'yanka wannan. Ka yi musu kala ɗaya mai kyau da takalmi, ka yi wa mahaifiyarsu turmi ɗaya wanda ba za ta ji kunyar sa shi a cikin mata ba, kai kuma ka wanke shaddarka ta bara ka kai ta bugu, babu wanda zai tambaye ka shekarar da aka ɗinka ta. Abin da ya kamata ka yanke shi ne kala uku da huɗu da aka mayar kamar dole, wai na ranar idi daban, na yawon sallah daban, na ɗaukar hoto daban. Mu da muka tashi a cikin birni ba mu san wannan ba, kuma iyayenmu ba matalauta ba ne. Ka kuma shiga Kantin Kwari da wuri, tun kafin cunkoson makon ƙarshe, ka kai wa tela tun yana da sarari, domin sayayyar da aka yi cikin gaggawa ita ce ta fi cin kuɗi.

Game da surukai, asalin al'adar girmamawa ce. A da mutum yakan kai goro da turare da ɗan abin da ya sawwaƙa, idan ya yi layya ya aika da cinya, ya je da ƙafarsa ya durƙusa ya yi barka da sallah. Zuwan naka ya fi kayan daraja a wurin dattijon kirki. Ka je ka gaishe su, ka shaida wa surukinka a asirce cewa bana kana ƙoƙarin sama wa 'yarsa da jikokinsa matsuguni na kansu. Ban taɓa ganin uban da ya ji wannan magana ya ɓata rai ba. Kafin ka je can kuma, ka zauna da matarka ka nuna mata lissafin a fili, domin idan ta ji daga bakinka ita ce za ta kare ka a cikin danginta, idan kuwa ta ga ragi kawai ba tare da bayani ba, za ta ɗauka rowa ce.

Dalilin da ya sa nake goyon bayanka shi ne yadda na ga zaman Kano ya sauya. A zamaninmu saurayi idan zai yi aure sai a yanka masa sashe a gidan gado, a tayar da ɗaki biyu na ƙasa, dangi su taru a yi aikin gayya. Yanzu gidajen cikin ganuwa sun cika, an raba su an sake rabawa, shi ya sa jama'a suka kwarara zuwa Ɗorayi da Rijiyar Zaki da Naibawa da Mariri, wuraren da na sani suna gonaki, yau kuma su ma sun fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai an ƙara matsawa gaba cikin Kumbotso da Ungogo da Tofa da Gezawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gini suka yi tashin gwauron zabi, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a ƙasa a 2024 naira 70,000 ne, to ka auna da kanka buhu nawa zai saya bayan an ci an sha. Mai gidan haya kuwa kuɗin shekara yake karɓa a dunƙule, kuma shi ma yana ƙari duk lokacin da kaya suka tashi. Rukunin gidajen da gwamnati ta gina, irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, ba irinka ne suke iya sayensu ba. Rancen Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana ɗauke da kuɗin ruwa, abin da mutanenmu da yawa suke gudu saboda addini. Hanyar da ta rage wa talaka ita ce wadda ka ɗauka: adashi, fili, katanga, sannan ɗaki ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai tun da ka sadaukar da jin daɗin sallar iyalinka saboda wannan fili, wajibi ne ka tabbatar ba a kan iska ka zuba kuɗin ba, kuma saƙonka bai nuna mini ka yi wannan bincike ba. Ka fara sanin ko awon gwamnati ne ko awon igiya, wato wanda mai gona ya yanka ya sayar da kansa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, saboda haka takardar da mai gona ya rubuta maka, ko da mai unguwa da dagaci sun sa hannu, shaidar ciniki ce kawai, ba ta kai takardar mallaka ta gwamnati ƙarfi ba. Idan an ce maka filin yana da takarda, ka je ofishin KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, a duba maka sunan da ke kanta, ka kuma bincika a hukumar tsara birane ta KNUPDA ko wurin bai faɗa kan hanya ko magudanar ruwa ko filin makaranta ba. Idan awon igiya ne, ka tambayi asalin gonar. Mafi yawan rigimar da na halarci sasantawarta ta gonar gado ce, wadda ɗaya daga cikin magada ya yanka ya sayar ba da sanin 'yan'uwansa mata ba, bayan shekaru su taso, mai saye ya rasa na kamawa. Ka nemi duk magadan su sa hannu a gaban shaidu, a kafa turaku a kusurwa huɗu kana tsaye, a rubuta faɗi da tsawo, a kuma yanke la'adar dillali tun kafin ka miƙa ragowar kuɗin.

Akwai kuma lissafin da masu komawa bayan gari suke mantawa. Fili yana da araha a can ne saboda abin da babu: ruwan famfo, wutar lantarki mai ɗorewa, kwalta, asibiti a kusa. Ka lissafa kuɗin adaidaita sahu zuwa wurin aikinka kullum, da kuɗin 'yan garuwa, da makarantar yara, ka ga ko abin da ka tsira da shi daga haya ba zai ƙare a kan hanya ba. Ka tambayi waɗanda suka riga ka zama a wurin yadda unguwar take a watan Agusta, lokacin da ruwa yake tsananta, domin filin da ya yi kyau da rani yana iya zama kududdufi da damina. Ba don in karya maka gwiwa nake faɗar wannan ba. Janguza tana kan titin Gwarzo, gari kuma yana tafiya ta can, ina ganin zaɓin naka yana da ma'ana idan takardun sun inganta.

Idan wa'adin ya matse ka, kada ka ji nauyin neman a ƙara maka wata guda ko biyu, a rubuta a gaban shaidun farko. Mai sayar da fili a irin wannan lokaci sau da yawa shi ma hidimar sallah ce ta taso shi, saboda haka idan ka ba shi wani kaso kafin idi, zai fi sauƙin yi maka haƙuri da sauran.

Bana ni zan yi layya in Allah ya yarda, kuma kason gidanka yana nan, saboda haka ka turo yaran da yamma ranar sallah su karɓa. Ranar Asabar mai zuwa ka zo mini da takardar cinikin da rasit ɗin kuɗin da ka riga ka biya, mu duba su tare, daga nan mu wuce mu ga filin da mai unguwar wurin. Ka gaishe mini da iyalinka.

Baffanka.