Darasin Sauyin Muhalli: Daga Ina Za A Fara?

Tambaya: Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare da ke Gwale. Ɗalibaina suna haddace bayanin sauyin muhalli, amma ba su ga alaƙarsa da rayuwarsu ba. Me zan yi?

Amsa: Malam, ka fara da kududdufan cikin birnin Kano. Asalinsu ramuka ne da aka haƙa domin ɗiban ƙasar gini, kuma su ne ke tare ruwan sama da damina. Da aka cike da yawansu aka yi gine-gine, sai ruwan ya rasa mazauni, ya koma gidaje da kasuwanni, kamar yadda ambaliya ta shiga Kantin Kwari a 2022. Ka sa kowane ɗalibi ya tambayi kakanninsa inda kududdufin unguwarsu yake a da, sannan ya zana taswirarsa.

Daga nan ka kawo musu farin da aka yi a 1973 da madatsar ruwa ta Tiga, wadda ta bunƙasa noman rani a Kadawa amma ta rage ruwan da ke isa fadamun Hadeja da Nguru. A ganina, batun narkewar ƙanƙara a ƙasashen sanyi ya jira zango na gaba.