Amsa ga ɗan ƙanena game da kimiyyar majalisa

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na ga tambayarka a kan abin da ka ji a majalisar ƙofar gidanmu da ke Birni lokacin da ka zo hutu, inda wani dattijo ya murtuke fuska ya bayyana maka cewa ruwan famfon Damagaram ba ya zuwa sai tsakar dare ne saboda kunya gare shi, tunda a daji ya tashi cikin Fulani. Ka ce abin ya dame ka, kai da kake karatun kimiyya a jami'a, har kana tambaya ko jahilci ne ko ƙarya, kuma ko ya kamata ka gyara masa.

Ba ko ɗaya ba ne, kuma da ka gyara masa, da kai za a yi wa dariya har a tashi. Mutumin nan ya san gaskiyar lamarin sarai. Ya san garinmu a kan dutse yake zaune, ya san daga nesa ake turo ruwa ta bututu, kuma sai dare ya yi masu ɗiba sun ragu sannan ƙarfinsa yake kaiwa unguwannin tudu. Ƙarancin ruwan nan ma yana cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai da Faransawa suka yi a 1926. Abin da ka ji wasa ne, kuma wasa mai ƙa'ida.

Ƙa'idar ita ce bayanin ya zo da kai da gindi, dalili yana bin dalili, mai maganar kuwa kada ya kuskura ya yi murmushi, domin da haƙorinsa ya fito an ci shi. Mai sauraro ba ya cewa ƙarya ce. Sai dai ya kawo tambayar da za ta tayar da bayanin, ko ya zo da nasa wanda ya fi. Ka ɗauki maganar baƙon da ba ya sallama sai an ajiye akushi. Masanan majalisarmu sun daɗe da yanke hukunci cewa ƙamshin daddawa ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake bi, ta tafin ƙafa yake shiga jikin mutum ya juya shi zuwa gidan da ake kwashe tuwo. Wani ya tambaya me ya sa ma'aikatan gwamnati ba su cika dacewa ba, nan take aka ba shi amsa cewa takalmi sau-ciki suke sawa, ya toshe hanyar. Haka kuma santi: an ce man shanun da ke cikin miya ne yake sassauta jijiyar da ta ɗaure harshe, shi ya sa mutum yana tsakiyar loma sai ka ji ya fara yabon ginin katangar maƙwabci ba tare da an tambaye shi ba. A ganina wannan na santi ya fi duka, domin har yau ban ga wanda ya iya tayar da shi ba.

Ka lura kuma da wanda aka jefa a maganar ruwan. Gidan sarautar Damagaram asalinsa Barebari ne, Barebari kuwa abokan wasan Fulani ne tun kaka da kakanni, kamar yadda taubasai suke tsokanar juna ba a riƙe a zuci. Akwai Bafillace a zaune a wurin ranar, shi aka nufa, kuma na tabbata yana nan yana haɗa tasa ramuwar. Wannan wasan dangi ne hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014.

Iyakar wannan wasa na majalisa guda biyu ce da na gada daga manya: ba a taɓa addini, ba a kuma taɓa ciwo da magani, domin mai ciwo yana iya ɗauka ya aikata. A nan ne nake ganin laifin samarin fada na yanzu, wato masu zaman majalisar shayi ta matasa, waɗanda suke ɗaukar irin wannan zance su tura ta WhatsApp, inda ba a ganin idon mai magana, har wani a nesa ya karɓe shi a matsayin ilimi. Idan ka ci karo da irin wannan kan lafiya, to ka gyara da ƙarfinka, karatunka ke nan.

Amma a majalisa, ka zo da naka guzurin. Ana nan ana gardama kan dalilin da ya sa sauro yake sallama a kunne sannan ya koma ya ciji mutum a ƙafa, kuma na riga na faɗa musu cewa ɗana na jami'a zai kawo bayani idan ya zo hutun damina. Ka gaishe mini da abokan karatunka.