Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Idan Maganin Hawan Jini Ya Zo da Nasa Matsalolin

Tambaya: Likita, tun da aka ɗora ni a kan lisinopril wata biyu da suka wuce nake fama da busasshen tari mai ƙaiƙayi a maƙogwaro, musamman da dare. Na sha magungunan tari iri-iri amma babu sauƙi.

Amsa: Malama, ki daina ɓarnar kuɗinki a kan maganin tari, domin ba zai taɓa wannan tarin ba. Lisinopril da 'yan uwansa irin su enalapril da ramipril suna sa wani sinadari mai suna bradykinin ya taru a hanyoyin numfashi, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma da ke shan su yana samun irin wannan tarin, mata sun fi maza. Ki koma wurin likitanki ya sauya miki zuwa losartan ko valsartan ko telmisartan, waɗanda aikinsu ya yi kama da na lisinopril amma ba kasafai suke kawo tari ba. Bayan an sauya, tarin yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci ya kai wata uku. Amma idan kika ga leɓenki ko harshenki ko fuskarki ta kumbura, ko kika ji numfashi yana yi miki wuya, kada ki ƙara shan ƙwayar kuma kada ki jira gari ya waye, ki tafi asibiti nan take. Wannan kumburin yana iya toshe maƙogwaro, kuma an fi ganinsa a baƙar fata.

Tambaya: Maganin da aka ba ni yana sa ni yawan fitsari, har ba na samun barci.

Amsa: Ga alama an ba ka ɗaya daga cikin magungunan da ke fitar da ruwa da gishiri ta fitsari, kamar hydrochlorothiazide. Ka riƙa shansa da safe. Idan duk da haka fitsarin dare bai ragu ba, a gwada maka suga, a kuma duba mafitsara idan shekarunka sun haura hamsin.

Tambaya: Likita, mahaifiyata tana shan amlodipine miligiram 10, kuma ƙafafunta suna kumbura da yamma. Wata maƙwabciya ta ba ta ƙwayar fitsari ta ce ruwa ne ya taru.

Amsa: Da farko a mayar wa maƙwabciya ƙwayarta. Kumburin da amlodipine da nifedipine ke kawowa ba daga yawan ruwa a jiki yake fitowa ba. Maganin yana buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa fiye da yadda yake buɗe masu dawo da shi, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa a kewayen idon sawu, shi ya sa ƙwayar fitsari ba ta yin wani abin kirki a nan, sai dai ta busar da dattijuwa ta kuma rage mata gishirin jini har ta fara rikicewa. Mama ta riƙa ɗaga ƙafafunta a kan matashi idan ta zauna, ta kuma rage doguwar tsayuwa. Likitanta yana iya rage maganin zuwa miligiram 5 ya haɗa da wani irin losartan, haɗin da yakan rage kumburin sosai. Idan kuwa ƙafa ɗaya ce kawai ta kumbura tana ciwo, ko Mama tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matasai da yawa, to a kai ta asibiti ranar, domin wannan yana iya zama daskarewar jini ko raunin zuciya.

Tambaya: Likita, ni magidanci ne mai shekara 52. Tun da na fara shan atenolol na lura ƙarfina a shimfiɗa ya ragu ƙwarai. Na ji kunyar gaya wa likita, sai na daina maganin wata uku ke nan, ina shan wani haɗin ƙarfin maza da aka tabbatar mini na itatuwa ne zalla. Jikina kuma lafiya lau nake jin sa.

Amsa: Malam, wannan ita ce wasiƙar da ta fi tayar mini da hankali, kuma na san bayanka akwai maza da yawa da suka yi irin abin da ka yi amma ba za su taɓa rubutowa ba. Ƙorafinka gaskiya ne. Atenolol da propranolol, da kuma magungunan fitsari irin su hydrochlorothiazide da chlorthalidone, suna iya rage wa wasu maza ƙarfi, kuma babu likitan kirki da zai raina wannan magana ko ya yi maka dariya. Muna jin ta kullum a ɗakin duba marasa lafiya, kuma tana cikin matsalolin da suka fi sauƙin gyarawa, domin akwai magunguna kamar amlodipine da losartan waɗanda ba a san su da wannan illar sosai ba. Da ka faɗa, da magana ce ta minti biyar.

Amma ka sani cewa shi kansa hawan jinin yana cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙarfin namiji. Miƙewar gaba aikin jini ne, kuma jijiyoyin da ke kai jini wurin sirara ne, sun fi na zuciya ƙanƙanta, saboda haka su ne sukan fara nuna lalacewa idan jini ya daɗe yana hawa. Sau da yawa raunin gaba yakan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Wanda ya ajiye maganinsa don ya ceci ƙarfinsa, a haƙiƙa ya saki abin da zai tafi da ƙarfin gaba ɗaya, wanda kuma sauya ƙwaya ba zai dawo da shi ba. Idan akwai ciwon suga ko shan taba a tare, lalacewar ta fi sauri.

Maganar cewa kana jin jikinka lafiya lau ba ta kwantar mini da hankali ko kaɗan. Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai, har ranar da ɓarin jiki zai shanye ko baki ya karkace. Kuma atenolol yana cikin magungunan da ba a yanke su lokaci ɗaya, domin zuciyar da ta saba da shi tana iya zabura, bugunta ya ƙaru, ciwon ƙirji ya taso, har ta kai ga bugun zuciya ga wanda jijiyoyin zuciyarsa suke da matsala. Allah Ya tsare ka daga wannan, amma kada ka sake gwadawa.

Sai wannan haɗin da aka rantse maka na itatuwa ne zalla. Na gaji da jin wannan rantsuwa. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama, ciki har da ta Amurka, sun sha gwada irin waɗannan kayayyaki su tarar an zuba musu sildenafil, wato sinadarin da ke cikin Viagra, ba tare da an rubuta a jikin kwali ba, kuma ba wanda ya san adadin da aka zuba. Idan mutum yana shan maganin ciwon ƙirji irin nitroglycerin ko isosorbide ya haɗa da sildenafil, jininsa yana iya faɗuwa warwas har ya rasa ransa. Shi sildenafil na asibiti ba haramtacce ba ne ga mai hawan jini, likita yana iya rubuta maka shi bayan ya duba zuciyarka da sauran magungunanka. Ka ajiye haɗin nan yau, ka je a auna jininka cikin wannan makon, ka tafi da kwalbar a hannunka, ka kuma faɗa wa likita abin da ka faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba. Idan awon ya kai 180 bisa 120 kuma kana jin ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko dishi-dishin gani, ko nauyin harshe, wannan na gaggawa ne.

Tambaya: Da safe ya fi kyau a sha maganin ko da dare?

Amsa: Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya a kan mutum sama da 21,000, wanda aka fitar a 2022, bai ga bambanci ba. Ka zaɓi lokacin da ba za ka manta ba, in ban da maganin fitsari, wanda safiya ta fi dacewa da shi.

Tambaya: Likita, ana ta cewa maganin hawan jini na asibiti shi ke kashe ƙoda, kuma idan jiki ya saba da shi ba a rabuwa. Yayana ya sha shekara da shekaru, yanzu ana yi masa wankin ƙoda. Shi ya sa nake son komawa jiƙe-jiƙe.

Amsa: Allah Ya ba yayanki lafiya, Hajiya. Na fahimci yadda abin ya zauna miki a rai, domin kin ga mutum yana shan magani kuma kin ga ƙodarsa ta lalace, sai zuciya ta haɗa biyun. Amma hawan jini da ciwon suga su ne manyan dalilai biyu da ke kai mutane wankin ƙoda a duniya. Ƙoda cike take da ƙananan jijiyoyi masu tace jini, kuma matsin jini mai yawa yana lalata su a hankali cikin shekaru ba tare da ciwo ba. Yawancin mutane ba a gano hawan jininsu sai bayan ya daɗe yana ɓarna, wasu kuma suna sha yau su bari gobe, wasu suna sha kullum amma awon bai taɓa sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba kuma ba a ƙara musu magani ba. Lisinopril da losartan ma su ne muke zaɓa da gangan don kare ƙodar mai ciwon suga ko wanda furotin ke fita a fitsarinsa.

Akwai ƙwayar gaskiya a cikin jita-jitar, kuma gara ki ji ta daga bakina. Waɗannan magungunan biyu suna iya sa awon ƙoda ya nuna aikinta ya ɗan ragu, su kuma ɗaga sinadarin fotasiyam a jini a farkon sha, shi ya sa ake gwajin jini mako ɗaya zuwa biyu bayan an fara ko an ƙara, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara. Suna kuma iya cutar da ƙoda idan jiki ya bushe, saboda haka idan gudawa ko amai mai tsanani ya kama ki, ki tuntuɓi likita ranar, mai yiwuwa ya ce ki dakata da su na kwana ɗaya ko biyu. Haɗari mafi girma shi ne a haɗa su da maganin fitsari sannan a ɗora diclofenac ko ibuprofen kullum don ciwon gwiwa ko baya. Wannan haɗin uku ya kwantar da mutane da yawa, kuma su waɗannan magungunan ciwon jikin suna ƙara hawan jini da kansu. Paracetamol ya fi aminci.

Game da sabo kuwa, maganin hawan jini ba ya sa jaraba. Ana ci gaba da shansa ne saboda ciwon yana nan, maganin yana danne shi ne kawai, kamar yadda mai tabarau ba ya warkewa daga raunin ido don ya sa gilashi. Wasu da suka rage ƙiba da gishiri suka kuma riƙe motsa jiki akan rage musu magani, amma likita ne ke ragewa yana bin awo. Jiƙe-jiƙen da kike son komawa ba a san ƙarfinsu ba, ba a san abin da aka cakuɗa a ciki ba, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne mai sayarwa ba ya nan ranar da za a kwantar da ke. Kasancewar ɗan'uwanki na jini yana da ciwon ƙoda dalili ne na ki je a gwada fitsarinki da jininki yanzu, kada ki bari sai kin ga kumburi.

Tambaya: Ni tsoho ne mai shekara 70. Idan na miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe ni, sau ɗaya har na faɗi.

Amsa: Baba, tun da har an kai ga faɗuwa, kada a jira ranar da aka ba ku ta komawa asibiti. A auna jininku kuna kwance, a sake aunawa bayan kun miƙe da minti ɗaya da kuma minti uku. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, to maganin yana bukatar gyara, musamman idan akwai doxazosin ko methyldopa ko maganin fitsari a ciki. Kafin nan, ku riƙa zama a bakin gado na minti ɗaya kafin ku tashi, ku sha isasshen ruwa, ku kuma kunna fitila idan za ku kewaya da dare. Idan bugun jijiyarku ya yi ƙasa da 50 a minti tare da jirin, ko kuka suma, a kai ku asibiti nan take. Karayar ƙugu a wannan shekarun ba ƙaramin abu ba ce.

Tambaya: Ina shan losartan, kuma na gano ina da juna biyu.

Amsa: Ki je asibiti yau ɗin nan, kada ki jira ranar awon ciki. Losartan da lisinopril da danginsu suna cutar da ƙodar jariri, don haka za a sauya miki zuwa methyldopa ko labetalol ko nifedipine. Kada kuma ki zauna babu magani ko ɗaya, domin hawan jini a lokacin goyon ciki yana iya kai wa ga jijjiga.

Tambaya: Idan na manta ban sha ba jiya, in haɗa biyu yau?

Amsa: A'a. Ka sha na yau kaɗai a lokacin da ka saba.