Tun da aka yi wa Baba aikin furostet barci ya ƙaurace masa

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifinmu yana da shekara 68. Wata biyu ke nan da aka cire masa furostet, ƙullin nan na maza da ke ƙarƙashin mafitsara, saboda cutar kansa. An zare robar fitsarin bayan kwana goma, wurin aikin ya warke, amma barci ya gagara. Yakan tashi sau biyar ko shida cikin dare, wani lokacin kafin ya kai banɗaki fitsarin ya kufce. In ya dawo sai ya zauna bakin gado ya yi tagumi har gari ya waye. Wani abokinsa ya kawo masa ƙwayar barci mai suna diazepam, yau sati uku yana sha kullum, haɗe da sauran tramadol ɗin da aka sallame mu da shi. Shekaranjiya na tarar da shi kwance a ƙofar banɗaki, bai san yadda aka yi ya faɗi ba. Kansar ce ta dawo? Ko ƙwayar ce ta yi masa kaɗan, mu ƙara?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Kada ku ƙara ko rabin ƙwaya. Ku kai shi asibiti yau a duba faɗuwar nan, musamman in ya bugu a kai ko yana shan maganin tsinka jini.

Maganar dawowar kansa kuwa, rashin barci ba ya nuna haka. Gwajin jini na PSA, wani sinadari da furostet ke samarwa, shi ne alƙali. Ana yin na farko kamar sati shida zuwa takwas bayan aiki, kuma abin da muke so shi ne ya yi ƙasa har na'ura ta kasa ganinsa. Sai ya kai 0.2 an sake aunawa an tabbatar kafin mu fara zancen dawowa. In ba a yi masa ba, a yi. Na sha ganin dattijo ya koma barci kawai don an nuna masa takardar sakamakon an yi masa bayani.

Abin da ke tayar da Baba mafitsara ce. An cire furostet, an ja mafitsara an ɗinke ta da bututun fitsari, makullin riƙe fitsari da ya rage guda ɗaya shi ke ɗauke da duk aikin. Ga robar da ta kwana goma tana gogar wurin. A wata biyu wannan ba abin mamaki ba ne, yawancin maza suna samun sauƙi a hankali tsakanin wata uku zuwa shekara.

To, mu zo kan ƙwayar, don nan ne raina yake ɓaci. Kusan kullum sai an shigo mini da wani da aka ce "ai barci ne kawai ba ya samu, ga wannan, ni ma shi nake sha." Diazepam ba ya hana ƙoda tace fitsari, ba ya hana mafitsara cika. Ƙarfe biyun dare za ta cika kamar yadda ta saba. Bambancin kawai, yanzu ko dai mutum ya kasa farkawa ya jiƙa shimfiɗa, ko ya miƙe a buge, ƙafa na harɗewa, cikin duhu, yana sauri, wataƙila ma ƙasan da danshi. Abin da kika gani a ƙofar banɗaki ke nan. Karayar ƙugu a wannan shekarun tana iya kwantar da mutum fiye da yadda kansar ta yi.

Kuma ƙwayar ba ta fita da safe. Jikin saurayi ma yakan kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya rage rabinta, na dattijo ya fi haka. Wanda ke sha kullum, ta jiya na nan ta yau ta hau kanta. Shi ya sa za ki ga yana gyangyaɗi da rana, yana mantuwa, dare ya yi ido ya bushe, sai a ce ƙwayar ta yi kaɗan. Haɗa ta da tramadol ya fi komai ba ni tsoro, domin dukansu suna danne numfashi. Tun 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan haɗa waɗannan jinsunan biyu. In Baba mai minshari ne, irin wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, haɗarin ya ninka. Ita kanta wannan ɗaukewar numfashin tana jawo yawan fitsarin dare, don haka ki faɗa wa likitansa in kun taɓa lura.

Kada kuma wani ya ce a koma maganin mura ko na ƙaiƙayi mai sa barci, wai shi mai sauƙi ne. Irinsu promethazine da diphenhydramine suna kashe wa mafitsara ƙarfi, suna iya toshe fitsari, su bushe hanji, su rikita tsoho. Mai sayarwa bai tambayi aikin da aka yi ba, abokin bai ga fayil ba, amma kowa ya zama likita. Aboki nagari, amma ba shi zai yi jinyar ƙugu ba.

Sai dai bayan sati uku ana sha kullum, ba a yanke diazepam rana ɗaya, yana iya kawo rawar jiki har da farfaɗiya. Ku ɗauki kwalayen duka ku kai wa likita ya tsara yadda za a janye a hankali.

Kafin ranar komawarsa asibiti da aka rubuta muku a kati, ku yi kwana uku kuna rubuta lokacin da ya sha ruwa, lokacin da ya yi fitsari, da yawansa. Wannan takardar ta fi mini dogon labari amfani. Ya sha ruwansa sosai da rana, ya tsagaita awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Kada ya ƙaurace wa ruwa, fitsari mai kauri ya fi tsikarar mafitsara. Shayi da kofi su tsaya da safe. In ƙafafunsa na kumbura, ya ɗora su kan matashi da yamma, in ba haka ba ruwan da ya taru cikinsu shi zai zama fitsarin dare. A ajiye fitila da mazubi kusa da gado, ya sa ƙunzugun manya ba tare da an mayar da abin zance ba. Atisayen matse tsokar riƙe fitsari kuma kullum, a sa a nuna masa yadda ake yi daidai. In an fara masa allurar rage sinadarin maza, ita ma tana kawo zafi da gumin dare, akwai abin da ake yi a kai.

Zaman tagumin nan ma kada ku raina shi. Mutumin da ya girma da mutuncinsa ya wayi gari yana jiƙa wando, ba 'yarsa zai gaya wa abin da ke cinsa ba. Ku ba shi wuri ya gana da likita shi kaɗai. In kuwa kun ga zazzaɓi, zafin fitsari, gudan jini, fitsari ya tsaya cak, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.