Filin Tambaya da Amsa: Me ake nufi da desultory?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Malamin Turancinmu ya duba muƙalata, ya rubuta desultory a ƙasa da jan biro. Ƙamus ya ce rashin alƙibla ne, amma ban ga bambancinta da aimless ba. Daga wata ɗaliba.

Amsa: Ɗiyata, ƙamus bai yi kuskure ba, ya dai taƙaita. Aimless na nufin babu inda aka dosa tun farko, kamar mai gantali. Desultory kuwa kame-kame ne, a taɓa nan a taɓa can, kuma ba da wani karsashi ba. Abin da malaminki ke nufi shi ne kin kawo hujja, ba ki ƙarasa ta ba kin faɗa wata, daga baya kin waiwayo ta farkon.

Asalin kalmar Latin ne. A filayen wasa na Rum ta dā akwai mahayin da ake kira desultor. Da dawaki biyu yake shiga, suna cikin sukuwa kafaɗa da kafaɗa sai ya daka tsalle daga bayan wannan ya dira a bayan wancan. Sunan ya samo tushe daga salire, wato tsalle, tushen da ya haifi insult da result da assault. Su kansu Romawa sun ari sunan don zambo: Quintus Dellius, wani ɗan siyasar Rum wanda ya riƙa sauya ubangida tsakanin jagororin yaƙin basasa, daga Cassius zuwa Antony zuwa Octavian, da desultor aka yi masa laƙabi. Kalmar ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 16. Ki lura, wancan mahayi gwani ne da ya san daidai inda ƙafarsa za ta sauka. Turanci ya ɗauki tsallen, ya yar da gwanintar.

An fi siffanta aiki da ita, ba mutum ba. Desultory conversation hira ce da ke yanke-yanke, wannan ya jefa kalma, a yi shiru, wani ya ɗauko wani zance daban. Desultory reading shi ne a buɗe littafi a karanta shafi biyu, a ajiye a ɗauki wani. Masu koyo da yawa na ɗaukar ta a matsayin baƙin ciki saboda ta yi kama da desolate, kuma wannan kuskure ne. Wajen furuci, a gaɓar farko ake danna murya, ba ta biyu ba.

Muƙalarki kuwa gyaranta ba wuya. Rubuta batunki a jimla ɗaya a gefen takarda, ki bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya ki tambayi kanki ko yana yi wa jimlar nan aiki. Wanda bai yi ba ki cire shi, ko da kin ji daɗin rubuta shi.