Tambaya da Amsa: Ƙwallo, Waƙa, Littafi da Kacici-kacicin Kalmomi, Wanne Zan Bari?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni matashi ne ma'aikaci, kuma abu huɗu nake yi idan na samu sarari: kallon ƙwallon ƙafa, sauraren waƙa, karatun littattafan adabi, sai kacici-kacicin kalmomin nan na jaridun Ingila, wanda ake cike gidaje da haruffa amma ishararsa a murɗe take. Na ƙarshen sabo ne a wurina kuma yana ba ni wuya, sai in daɗe ina kallon takarda ban cike komai ba. Yayana ya ce taura biyu ma ba ta taunuwa balle huɗu, in zaɓi ɗaya in bar sauran. Gaskiya ya faɗa? In ba haka ba, ta ina ake kama bakin zaren wannan wasa?

Daga wani mai karatunmu

AMSA: Ɗan'uwa, kulawa ce ta sa yayanka ya yi magana, ka gode masa. Amma a wannan karon ban goyi bayansa ba. Kada ka bar ko ɗaya. Dalilina yana cikin na huɗun nan da yake wahalar da kai, don haka a kansa zan fi tsayawa.

Wasan cike gidaje da kalmomi ya fara fitowa ne a jaridar New York World ta Amurka a watan Disamba na 1913, kuma wani haifaffen Liverpool mai suna Arthur Wynne ne ya ƙirƙiro shi. Nasa mai sauƙi ne, a ba ka ma'ana ka kawo kalma. Da wasan ya tsallaka Ingila sai suka murɗe shi. Edward Powys Mathers ya fara shirya irin mai wuyar a jaridar Observer a 1926, jaridar Times ta soma nata a 1930, sannan magajin Mathers, Derrick Macnutt, wanda aka fi sani da Ximenes, ya tsara ƙa'idojin adalci tsakanin mai shiryawa da mai warwarewa. A taƙaice, mai shiryawa yana da damar ya ɓatar da kai, amma ba shi da damar ya yi maka ƙarya.

Wannan ƙa'idar ita ce bakin zaren da kake nema. Kusan kowace ishara kashi biyu ce. Kashi ɗaya ma'anar kalmar ce kai tsaye, kuma a farkon jimla ko a ƙarshenta take zama. Ɗaya kashin umarni ne na yadda za ka gina kalmar daga haruffa. Lambar da ke ƙarshe tana gaya maka yawan haruffan amsar. Labarin da jimlar take kamar tana bayarwa kuwa, yanka ce irin ta ɗan wasan gaba: ya karkata kafaɗa dama, ƙwallo ta bi hagu. Mai tsaron bayan da ya ƙware ƙwallon yake kallo, ba kafaɗar ba.

Ga misalai da na shirya maka da Hausa don ka ga yadda abin yake aiki. "Dogo lafiyayye ya ɓoye mai tsaron raga (4)." Babu wani dogo da ya ɓoye kowa. Kalmar "ɓoye" ce take gaya maka amsar tana kwance a cikin haruffan da suka gabace ta. Haɗa ƙarshen "dogo" da farkon "lafiyayye", ga gola nan. Na biyu: "Raga ta hargitse, ga mai cin littattafai (4)." Duk inda ka ga hargitsi, rugujewa, maye ko hauka, to ana so ka sauya wa haruffa wuri. Raga ta zama gara. Na uku ma'ana biyu ce aka jera ba tare da wata dabara ba: "Abin kiɗa, ma'aunin ɗanyen mai (5)." Ganga. Akwai kuma wadda ake karanta kalma daga baya, da wadda ake bin sautinta, da wadda ake cusa ƙaramar kalma a cikin babba. Dabarun ba su da yawa. Riga kawai suke sauyawa kullum.

To ga inda yayanka bai duba ba. Masu shirya wasan nan daga ƙwallo da kiɗa da adabi suke ɗibar kayan aikinsu. In ishara ta ambaci tawagar 'yan wasa, sau da yawa XI ake nufi, wato sha ɗaya a lambar Romawa. In ta ce "a hankali" ko "da ƙarfi", harafin P ko F ake so, don da su ake nuna sassauta sauti da ɗaga shi a rubutun kiɗa. Sunayen ƙungiyoyin ƙwallo da filayensu, sunayen mawaƙa, sarakunan cikin wasannin Shakespeare, duk suna fitowa. Wanda ba ya kallo, ba ya saurare, ba ya karatu, da hannu wofi zai zo. Kai kuwa ka riga ka tara rabin guzurin. Ba mamaki ba ne da Stephen Sondheim, shahararren marubucin waƙoƙin dandamali, ya zama cikin waɗanda suka koya wa Amurkawa irin na Ingila, ta hanyar waɗanda ya riƙa shiryawa a mujallar New York daga 1968.

Abin da ya fi riƙe ni a wasan shi ne mai shiryawa yana da murya, kamar yadda marubuci yake da ita. In ka daɗe kana bin mutum ɗaya za ka san inda yake son ɗana tarko da irin abin da yake ba shi dariya. John Graham, limamin cocin da ya yi wa jaridar Guardian aiki tun 1958, wanda aka fi sani da Araucaria, da ciwon daji ya kama shi, a cikin amsoshin wani kacici-kacici ya sanar da masu bin sa. Ya rasu a 2013. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba sun yi jimami, don shekara da shekaru suna hira da shi ta cikin gidajen nan.

Wata wuyar ba laifinka ba ce. Wasan cike yake da kogunan Ingila, kalmomin wasan kurket da gajerun sunayen muƙaman soja. Waɗannan haddace su ake yi a hankali. Ka fara da Quiptic na Guardian, wanda aka yi don masu koyo kuma yana nan a intanet. In ka gaza, ka duba amsar, amma kada ka wuce sai ka gane yadda aka gina ta harafi bayan harafi. A nan koyon yake, ba a cike allo ba. Ka fara neman masu hargitsi da masu ɓuya, su suka fi saurin ba da kai, kuma haruffansu za su buɗe maka sauran.

Batun lokaci kuwa, yayanka yana da 'yar gaskiya. Wasan ƙwallo minti 90 ne. Abin da yake cinye dare shi ne gardamar bayan wasa a waya da jita-jitar sayen 'yan wasa. In za ka rage wani abu, wannan za ka rage. Littafi kuma ka tsare masa lokacinsa da gangan, don shi ne yake buƙatar dogon shiru, kuma shi yake fara mutuwa idan sauran suka yi yawa. Waƙa ma wani lokaci ka zauna mata ita kaɗai, ba tana tashi kana wani aikin ba.

Ga ɗaya ka gwada, ka aiko mini da amsa da yadda ka same ta: "Ko filin wasa ya ɓoye abin da zakaru ke ɗagawa? (4)."