Gajeren zango, faifai da 'yan amshin Shata: amsar tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan satin kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar radiyo ce da tele da waƙa, shi yasa na ce bari in haɗa su wuri guda.

Ta farko daga wani ɗalibi ce na jami'ar nan tamu ta Damagaram. Ya ce: Malam don Allah me yasa ake cewa gajeren zango, alhali shi ne ke ɗauko mana murya tun daga London? Ai kamata yayi a ce dogon zango.

To ɗana, tambayarka ta yi min daɗi sosai, don amsarta tana nan cikin garinmu. Unguwar Zango da ka sani, wadda ke wajen ganuwar Birni, ba haka kawai aka sa mata sunan ba, nan ne ayarin fatake ke sauka da raƙumansu in sun fito daga arewa, Agadas da gaba da ita, su sauke kaya su huta kafin su wuce Kano. Wurin saukar shi ne zango, shi yasa ake cewa an ya da zango. Amma kalmar tana da ma'ana ta biyu wadda mutane ke mantawa, wato tazarar da ke tsakanin masauki da masauki, kamar a ce daga nan zuwa can zango biyu ne. Wannan ta biyun ita ma'aikatan gidan radiyo na farko suka ara. Muryar radiyo tana tafiya ne a iska hawa da sauka kamar igiyar ruwa, to tazarar da ke tsakanin tudu ɗaya da na gaba ita suka kira zango, kuma da mita ake auna ta. Ka tuna yadda suke cewa a kan mita 19 da 25 da 31 da 41 da 49? To tsawon taku ɗaya kenan na igiyar. Na matsakaicin zango ya kai mita ɗari biyu zuwa ɗari biyar da wani abu, ka ga in aka ajiye mita 25 kusa da shi lallai gajere ne. Ba tafiyar ce gajera ba, takun ne gajere. Kuma shi mai gajeren takun Allah ya yi masa wata baiwa, yana tashi sama ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa, ya sake tashi ya sake dawowa, da haka yake ƙetare hamada da teku. Shi yasa ma kamun safe daban na dare daban, sai ka ga an sauya mita in rana ta faɗi.

Ni har yau ina jinjina wa wanda ya fara zaɓo kalmar nan, don mutumin da ya san fatauci yana jin zango ya gane ana maganar tafiya ce daki-daki. Haka ma watsa labarai, watsa ai ta mai shuka ce da ya cika hannu da iri, ita ma kalmar Turancin da suke amfani da ita daga gona ta fito.

Ta biyu wata 'yata ce daga Garin Malam, ta ce ta je hutu wurin dangi a Kano sai ta ce a ba ta pil za ta sa a radiyo, aka yi ta mata dariya wai ba Hausa ba ce, batir ake cewa da rediyo. Tana tambaya wanne ne daidai.

'Yata kar ki ji kunya ko kaɗan. Batir ba kakansu ya bar musu ba, pil ma ba kakanmu ya bar mana ba, duka baƙi ne da suka zo tare da kayan. Su daga bakin Ingilishi suka ji, mu daga bakin Faransanci, kowa ya lanƙwasa abinsa yadda harshe zai iya. Su ce eriya mu ce anten, su ce talabijin mu ce tele, su ce wutar lantarki mu ce kuran. In kin duba tarihi za ki ga dalilin da ya sa nasu ya fi yawo a kunne. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga watan Maris 1957 da shirin minti 15 kacal, Radiyo Nijar kuwa sai 1958, daga baya aka kafa hukumar radiyo da tele ta ƙasa wato ORTN a 1967, aka sa wa gidan radiyon suna Muryar Sahel a 1974. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya buɗe a 1962 kuma muryarsa tana shigo mana har cikin ɗaka, Muryar Amurka ta kawo nata sashen Hausa a 1979, Faransa da ta mulke mu ba ta buɗe sashen Hausa na RFI ba sai 2007. Kin ga shekara hamsin kenan tsakanin London da Paris, kuma mafi yawan ma'aikatan manyan tashoshin nan 'yan Najeriya ne, dole kalmominsu su zama kamar su ne na littafi. Yawan jin abu ba shi ke sa ya fi wani asali ba. In kina rubutu don kowa da kowa ki iya duka biyun, in kina gida ki yi maganar gida.

Tunda an zo nan bari in ƙara wani abu da ake yawan gardama a kai, sunan gidan radiyon Anfani. Wasu na cewa kuskure ne, amfani ake rubutawa. A ƙa'idar rubutu m ake sawa kafin f da b, shi yasa amfani da tambaya da ambato. Amma suna suna ne, yadda masu shi suka rubuta haka za a bar musu.

Sai wata Hajiya daga Mirriya, jikanta ne ya rubuto mata. Ta ce kullum tana jin yara na cewa an turo faifan bidiyo a waya, ita kuwa ta leƙa wayar ba ta ga faifai ba, ina faifan yake?

Hajiya ina gaisuwa, kuma wallahi tambayarki ta fi ta 'yan boko nauyi. Faifan da kika sani shi ne na asali, wanda ake saƙawa zagaye da ciyawa da kaba, a rufe ƙwaryar fura ko a yi bakace da shi. Na'urar ɗaukar murya ta farko da Edison ya ƙera a Amurka a 1877 ba faifai gare ta ba, wani abu ne kamar gwangwani yake juyawa. Bayan shekara goma, a 1887, wani mai suna Berliner ya fito da mai faɗi zagaye, shi ne ya yaɗu a duniya, na'urarsa kuma Bahaushe ya kira ta garmaho. Da mutanenmu suka ga abu baƙi, zagaye, mai layi-layi yana kewayawa daga baki zuwa tsakiya, ai ba sai an yi taro ba, saƙar faifai sak. Aka ce faifan garmaho. Ina yaro akwai wani tela a unguwarmu da ke da shi, sai ya wana shi da hannu, ya ɗora allura a hankali kamar mai sa kwalli, in wanin ya kusa ƙarewa muryar mawaƙin ta yi ta ja tana yin ƙasa, mu kuwa muna tsugune bakin shago ba mai motsi.

Daga nan kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, ya kashe kasuwar garmaho don shi kana iya ɗauka da kanka, ka sa a aljihu, in zaren ya fito ka sa bik ka naɗe. Da kaset ne waƙa da wa'azi da saƙon 'yan ci-rani suka shiga kowane ƙauye. Amma kalmar faifai ba ta mutu ba, ta kwanta ne, da CD ya zo zagaye mai walƙiya ta tashi ta hau kansa. Yanzu ga shi abin ya koma cikin waya, babu zagaye babu layi, sunan ya zauna. Wato ma'anar ta tashi daga siffar abin ta koma kan abin da ke ciki, duk murya ko hoton da aka ɗauka aka adana sunansa faifai. Don haka yaran ba su yi kuskure ba, ke ma ba ki yi ba.

Wani ɗan kabu-kabu ya ce yana jin ana ce wa 'yan majalisa 'yan amshin Shata, shin zagi ne ga Shata?

A'a ba zaginsa ba ne. Alhaji Mamman Shata mutumin ƙasar Katsina ne, makaɗin kalangu, ya rasu a 1999, kuma da wuya a sami gidan da radiyo ya shiga a ƙasar Hausa muryarsa ba ta shiga ba. Abin da ya haifi maganar shi ne tsarin waƙarsa. In ka saurari makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo za ka ji yaransu ba maimaici kawai suke ba, jagora ya ɗauko ɗan waƙa su karɓe su ƙarasa masa, wani lokaci har su yi ƙari. Na Shata kuwa layi ɗaya suke riƙewa, shi ya yi gabas ya yi yamma ya kawo duk abin da ya zo bakinsa, su dai su dawo da amshin nan ba ragi ba ƙari. A waƙa wannan gwaninta ce, don su ne turken da yake komawa. Amma a majalisa ko a wurin shawara, mutumin da aikinsa kawai ya maimaita abin da babba ya faɗa ya ci amanar waɗanda suka tura shi. Abin lura a nan, wannan magana ba ta kaka da kakanni ba ce, radiyo da kaset ne suka haife ta, don sai da miliyoyin mutane suka ji Shata da kunnensu sannan kwatancen ya zauna. Irinta ce radiyo mai jini, wato mutumin da labari ba ya kwana a cikinsa.

Ta ƙarshe wani malamin lakwal ne ya aiko, ya ce yaransa sun tsare shi: an ce gani ya kori ji, an kuma ce kunne ya girmi kaka, to wanne ne gaskiya, ido ko kunne?

Mushe, ka ce musu karin magana ba doka ba ce da za ta ci karo da 'yar uwarta, kowacce da wurin da ake jefa ta. Gani ya kori ji ana faɗinta ne a kan abin da yake nan yanzu, wanda za ka iya zuwa ka tabbatar. Kunne ya girmi kaka kuwa a kan abin da ya wuce ne, kai ba ka gani ba, kakanka ma bai gani ba, amma labarinsa ya iso ka. Ba mu ga Sarkin Damagaram Tanimun ba, amma mun san shi, ta baki da kunne ya zo mana, kuma da yawa ta bakin maroƙa da makaɗan fada. Shi yasa nake ganin ɗaukar muryar irin su Ma'azu Ɗan Alalo da aka yi ba ƙaramin aiki ba ne, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma yau yaron da aka haifa bayansa yana iya jin ta daga bakin nasa.

In kana son misalin da za su riƙe, ba su labarin tele. A Najeriya ta fara a Ibadan a 1959. Mu nan ta ƙofar makaranta ta shigo, a 1964 aka fara koyar da yara da ita a aji, ta jama'a kuwa wato Tele Sahel sai ƙarshen shekarun 1970 zamanin Seyni Kunce. Kafin nan mun daɗe muna jin 'yan wasan kwaikwayon Damagaram na ƙungiyar Yazi Dogo a radiyo, kowa ya zana musu fuska a ransa. Ranar da na fara ganinsu a akwati, a dandalin samariyar unguwarmu, mutane cike har kan katanga, wata tsohuwa kusa da ni ta rufe ido ta saurara, ta buɗe ta duba, ta sake rufewa, sannan ta dafa ni ta ce yaro shi ne kuwa, muryar ce, amma ni na ɗauka ya fi haka jiki.